Takardar neman bayani a sakatariyar ƙaramar hukuma: haƙƙi ne ko ɓata tawada?

Baba Akawu: Jama'a, ina nan a kan bakana. Masu tura matasa su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman bayanin kwangila wahalar da su kawai suke yi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011 ta Majalisar Tarayya ce. Ƙaramar hukuma kuwa a hannun jiha take, sai majalisar jiha ta yi tata dokar kamar yadda Ekiti ta yi. Ko da ma dokar tarayyar ta shafi ƙananan hukumomi, takardun da ake nema galibi ba a sakatariya suke ba.

Barista: Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta farko a da tana da madogara, yanzu kam ta faɗi. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi baki biyu. Reshen Akure ya ce dokar ta hau kan jihohi, reshen Benin ya ce ba ta hau ba, a shari'ar da wasu masu fafutuka suka yi da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo. Da hukuncin Benin ɗin nan jami'ai suka yi ta fakewa shekara da shekaru. Ranar 11 ga Afrilu, 2025 Kotun Ƙoli ta soke shi, ta ce Majalisar Tarayya tana da hurumin yin doka a kan takardun hukuma, kuma dokar ta game kowane mataki na gwamnati. Yau duk sakataren da ya rubuto maka cewa jiharsu ba ta karɓi dokar ba, hujjar zuwa kotu ya miƙa maka da hannunsa.

Baba Akawu: To, na ji ta kotu. Ta biyun fa? Kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa suke bi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa. Hanya ko asibitin da ka gani a ƙauyenku sau da yawa a ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha aka bayar da kwangilarsa, aka cire kuɗin tun daga sama. Ma'ajin ƙaramar hukuma bai ga baucan ba balle ya ba ka.

Hajiya Mai Kasafi: Nan gaskiyarka ce Baba, amma rabi. Ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, fayilolin ayyukan haɗin gwiwa na shekarun baya suna babban birnin jiha. Sai dai akwai abin da ba shi da wani gida sai sakatariya: kasafin da kansiloli suka amince da shi, rasitan harajin kasuwa da tasha da mayanka, baucocin ƙananan ayyuka irin su gyaran famfon tuƙa-tuƙa da kwalbati, da bayanan zaman kwamitin kuɗi. Kuma sashe na 5 na dokar samun bayanan ya rufe ƙofar “ba a wajenmu yake ba”. Hukumar da ta ga wata ce ta fi hurumi a kan bayanin, ita za ta miƙa buƙatar can cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta sanar da kai a rubuce. Ni dai ba na ba da shawarar a jira wannan. A rubuta takarda uku rana ɗaya: ga shugaban ƙaramar hukuma, ga babban sakataren ma'aikatar, ga babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha. Idan amsoshin suka saɓa wa juna, saɓanin kansa bayani ne.

Ɗan Jarida: Iyayena, ku ba ni dama. Yawancin takardun nan tun wajen rubutu suke mutuwa. Mutum ya rubuta “muna son sanin yadda aka kashe kuɗin ƙaramar hukumarmu”, wannan ƙorafi ne, ba wanda zai iya ɗauko masa fayil. Takarda ake nema, ba bayanin baki ba. Ka ce: bisa sashe na 1 na dokar 2011, ina neman kwafin takardar bayar da kwangilar gyaran ajujuwa biyu a firamare kaza, mazaɓa kaza, a kasafin shekara kaza, da jerin kayan aiki da farashinsu, da baucocin biya, da takardar shaidar kammala aiki. Abu huɗu ko biyar, kowanne da lambarsa. Kada ka sa zargi, kada ka faɗi dalili, domin dokar ta ce ba sai ka nuna abin da ya haɗa ka da bayanin ba.

Sannan kwafi biyu za ka kai ofishin rajista. A buga wa naka hatimi, a sa kwanan wata da hannun wanda ya karɓa. Ka duba hatimin ya fito, don wani lokaci tawadar ta bushe, kwanan watan ba ya karantuwa, alhali daga ranar ake ƙirga kwana 7 da dokar ta ba hukuma ta amsa. In akawu ya ƙi karɓa ya ce sai Yallabai ya dawo, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, ka adana rasit.

Hajiya Mai Kasafi: Ƙari a kan na ɗana: wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Kuɗi kuwa na ɗaukar hoton takardu da na kwafe bayani a rubuce kawai sashe na 8 ya yarda a karɓa. Ba kuɗin fom, ba kuɗin buɗe fayil.

Baba Akawu: Amma ku daina cewa a nemi jerin albashi. Sirrin ma'aikata ne, sashe na 14 ya kare shi.

Barista: A nan ma mun rabu, Baba. Sashe na 14 fayil ɗin ma'aikaci yake karewa, da abin da ya shafi rayuwarsa. Sunaye da muƙamai da albashi da ranar ɗaukar aiki kuwa, sashe na 2 ya sa su cikin abin da hukuma za ta bayyana ko ba a tambaya ba. Ta nan ake gano ma'aikatan bogi. Idan lambar asusun banki ko ta waya tana cikin jerin, sashe na 18 ya ce a rufe wannan gurbin a bayar da sauran. Ba a hana takarda sukutum saboda layi ɗaya.

Baba Akawu: Yanzu ga kwana 7 sun cika, shiru. Talakan da ke neman baucan rijiyar burtsatse zai ɗauki lauya ya tafi babbar kotu? Tarar naira 500,000 da dokar ta tanada wa mai hana bayani ba bisa ƙa'ida ba sai kotu ta kama jami'i da laifi. Abin da ya sa na ce wahala ke nan, kuma har yanzu ban ga wanda ya warware mini shi ba.

Barista: Wannan ban musa ba, tsadar shari'a ita ce raunin dokar, don ba ta kafa wata hukuma mai zaman kanta da za a kai wa kuka kyauta ba. Shi ya sa ya fi kyau ƙungiyar ci gaban gari ta tsaya wa takardar, a yi karo-karo. Amma a kotu nauyin hujja a kan hukuma yake bisa sashe na 24, ita za ta nuna dalilin hanawa. Shirun kansa dokar ta ɗauke shi a matsayin ƙi. Ƙarin lokaci sai sun rubuto, kuma ba ya wuce kwana 7. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne sashe na 20: kwana 30 gare ka daga ranar da aka hana ka, ko ranar da wa'adin ya cika. Ana ce wa mutum “dawo mako mai zuwa” yana komawa har kwanakin su ƙare. In hakan ta faru, kana iya roƙon kotu ta ƙara maka lokaci, amma mafi sauƙi ka sake kai sabuwar takarda a buga sabon hatimi, ƙirgen ya fara daga farko.