Jijiyar gwal ta nutsa ƙasa: ta ina ake fara rami?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Idan aka samu jijiyar farin dutse mai gwal a yankin Malumfashi, faɗinta kamar santimita 30, ta karkata ta shige ƙasa, a kanta ake haƙa rijiya ko a gefe? Kuma wace takarda ake nema?

Baban Hauwa, Katsina: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada a fara da rijiya. A fara da yanka ramuka marasa zurfi a gicciye kan jijiyar, duk bayan mita 20 zuwa 25, a ɗebi samfur daga wannan gefe zuwa wancan, a kai a auna. Tsinto dutsen da ya fi ƙyalli a kai gwaji yaudarar kai ne.

Ga lissafin da ke karya mutane: ba wanda zai yi aiki a rami mai faɗin santimita 30, sai an buɗa kamar mita 1.2. Idan jijiyar na ba da giram 20 na gwal a kowane tan na dutse, da ta gauraya da dutsen banza ta koma giram 5. Da wannan biyar ɗin za a lissafa kuɗin man inji da na leburori.

Rijiya kuwa a gefen da jijiyar ta kwanta a kai ake haƙa ta, cikin dutse mai ƙwari, domin ɓangaren da ya rufe ta daga sama shi ke tsagewa ya rufta. Daga rijiyar a yanka hanya a gicciye har a tarar da jijiyar, sannan a bi tsawonta. A riƙa barin ginshiƙai, wato sassan dutsen da ba a haƙe ba don su tallafi rufin ramin. Cinye ginshiƙi saboda an ga gwal a jikinsa shi ke binne mutane.

Injiniya, Daura: Ƙari a kan na Baban Hauwa. A ɗaga bakin rijiya da siminti saboda ruwan damina, a daɓe saman da ƙasa ke da laushi, a bar gurbin tara ruwa a gindi. Ƙofa biyu wajibi ne, don iska da kuma tsira. Janareta ko injin ruwa mai fetur kada ya sauka ƙasa ko sau ɗaya: iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai, jiri da barci ne. Bayan tashin nakiya a hura iska aƙalla minti 30 kafin a shiga, a ƙwanƙwasa rufi da ƙarfe. Inda ya yi sautin ganga, a ɓamɓare.

Hajiya Mai Lissafi: Takarda kuma, Dokar Ma'adinai ta 2007 ta danƙa ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya, lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa, ba daga mai gona ko mai unguwa ba. Nakiya da nata izinin daban. Don Allah, ƙanena, a sa a auna dalma a samfurin. A 2010 niƙa dutse mai gubar dalma a cikin gidaje ya kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A niƙa da ruwa, nesa da gari, kayan aiki su kwana can.