Mustang ta 2020 ko ta 2024? Waɗanda suka hau su ba ni shawara

Abban Hanifa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan sayar da motata in kawo Mustang GT, kuma biyu ne a gabana: ta 2020 da ta 2024, sabuwar da Ford ta fara nunawa a Detroit a Satumbar 2022. Ba gudu nake tambaya ba, dukkansu injin V8 ne mai lita 5.0. Siffa ce ta hana ni yanke hukunci. Ta 2020 jikinta a murɗe yake, rufin yana gangarowa a hankali har but. Ta 2024 kuwa ko'ina kusurwa, fuska a ɗaure, fitilun baya ukun nan an lanƙwasa su ciki. A hoto ta burge ni, amma ban taɓa tsayawa kusa da ita ba. Wanda ya zauna a cikin duka biyun ya faɗa mini: sauyin ya kai a biya masa kuɗi? Don Allah kar a ce in sayi wata mota daban.

Ɗan Sabon Gari
Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi Lexus ES 350 ka huta, ranar sayarwa ba za ka yi kuka ba.

Sarkin Gudu
In dai kyau ne, Challenger ta fi su duka. Daga 2008 har aka daina ƙera ta a ƙarshen 2023 ba ta bar kamannin kakarta ta 1970 ba.

Yakubu Ohayo
Abban Hanifa, ina Amurka, na riƙe ta 2019, wadda siffarta ɗaya da ta 2020, na kuma tuƙa ta 2024 ta abokin aikina. Daga gefe, in ba ka san mota ba, ba za ka raba su ba, don a kan ginin tsohuwar aka ɗora sabuwar. Gaba da baya ne suka sauya. GT ta 2024 bakinta ya fi faɗi, akwai ƙofar iska a kan bonet, fitilun gaba sun zama sirara masu ido uku. A zahiri ta fi yadda take a hoto kwarjini.

Ciki ne abin ya yi mini ciwo. Dashbod mai gira biyu, ɗaya gaban direba ɗaya gaban fasinja, wanda ake gane Mustang da shi tun zamanin da, an cire shi. Yanzu allo biyu ne, mai inci 12.4 da mai inci 13.2. Esi ma a allo kake daidaita shi. A ta 2019 hannuna yana zuwa kan maɓalli ba tare da na ɗauke ido daga titi ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, kana iya sauya agogon gudu ya koma irin na tsohuwar Mustang ɗin da ake kira Fox Body, har da koren haskensa na dare.

Injiniya KD
Ƙanena, kafin ka kalli fuska ka kalli lambar shasi. Bari in ba ka labarina, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na sayi Mustang a hannun wani dila a matsayin ta 2019. Ja, fitilu sirara, bonet a kwance, daidai fuskar da Ford ta fitar a 2018. Takardu ma 2019 suka ce. Na biya, na yi walima, yara suka yi ta hoto. Damina na shigowa fitilar hagu ta fara tara ruwa. Na kai wa bakanikena, ya cire bamba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga, wannan ba ramukan kamfani ba ne." An huda sababbin ramuka, an ɗaure bamban da waya, fenti ja a sama, baƙi a ƙasa. Ya leƙa lambar da ke ƙasan gilashin gaba ya ƙirga harafi na goma: F. F kuwa 2015 ce. Ta 2019 K ce. Ashe motar hatsari ce, gaban ya tafi gaba ɗaya, aka ɗora mata sabuwar fuska. Giyarta ma mai hawa shida ce, alhali otomatik ta 2018 zuwa sama mai hawa goma ce.

Na koma wajen dilan ya ce shi ma haka aka kawo masa. Muka je gaban manya, aka yi ta ba ni haƙuri, aka ce ƙaddara ce. Sisi bai dawo ba. Na sayar da ita da faɗuwa, kuma na gaya wa mai saye gaskiyar shekararta, don ba zan kai wannan lahira ba.

Maman Sadik
Innalillahi. Allah Ya mayar maka da alheri, Injiniya. Irin wannan aka yi wa yayana da Land Cruiser.

Abban Hanifa
Allah Ya saka maka, yaya. Na rubuta: ta 2020 wane harafi ne? Amma tambayata kan siffa tana nan.

Injiniya KD
L ce 2020, R ce 2024. Siffar ce ai ta ci ni, shi ya sa.

Dila Na Gaskiya
Ba duk dila ne haka ba, a yi mana adalci. Alhaji, GT 2020 mai tsafta na sayar da ita miliyan 62 a Abuja. Ta 2024 kar ka sa ran ƙasa da 140.

Sarkin Gudu
62? An yi mini tayin ta 2020 a 45 a Legas.

Dila Na Gaskiya
Wannan EcoBoost ce mai silinda huɗu aka liƙa wa tambarin GT. Ka buɗe bonet ka ƙirga.

Yakubu Ohayo
Nan sabuwar GT ta 2024 ta fara ne daga dala dubu 40 da 'yan kai. Yaya ta kai 140 a can?

Dila Na Gaskiya
Malam Yakubu, da girmamawa, kai kuɗin wurin sayarwa kake gani. Jirgin ruwa fa? Fito fa? Canji fa? Wanda ke tuƙi a titin Ohayo ba shi zai ba mai shiga layin unguwa shawara ba.

Yakubu Ohayo
Yallaɓai, mutumin ya ce wanda ya zauna a cikin duka biyun. A nan waye ya zauna ban da ni? Kai kuma kaya gare ka na sayarwa.

Mai Boxer 01
Mu masu Boxer muna sauraro. Tamu ba ta da allo, esi kuwa daga Allah.

Baba Direba
'Ya'yana, ku yi hankali da juna. Ni a wajena Mustang ta ƙare a ta 2005 zuwa 2014, mai fitila zagaye da farko, wadda aka yi ta da kamannin na shekarun 1960. Daga 2015 suka so sayar wa duniya, har da mai sitiyari a dama, sai ta ɗauko yanayin motocin Turai. Yanzu har wata doguwa mai lantarki suna kira Mustang. Amma tsakanin biyun nan, ɗana, ka ɗauki ta 2020. Maɓalli in ya lalace ana sauya shi kaɗai. Allo in ya mutu a zafin Afrilu, esi ya bi shi.

Maman Sadik
Baba, ni abin da nake son sani, su masu sauya fuskar nan ba wanda ke hana su ne? Ta yayana 2010 ce aka mayar da ita kamar 2020, har kujeru.

Fanabita Kano
Hajiya, aikin ba laifi ba ne. Mai mota ya kawo ya ce a gyara masa fuska, mu yi. Laifin na wanda ya sayar bai faɗa ba ne.

Injiniya KD
To takardun fa, wa ya mayar da 2015 ta koma 2019? Fanabita ba ya buga takarda.

Dila Na Gaskiya
Yauwa, Injiniya, yanzu ka zo wurin. Mu ma a hannun masu fito muke karɓa.

Abban Hanifa
Malam Yakubu, in ba damuwa, turo mini hoton bayan ta 2024 ɗin da daddare, fitilu a kunne.

Maman Sadik
Injiniya, harafin nan na goma, a Land Cruiser ma haka ake dubawa? Yayana yana nan kusa da ni yana tambaya.