Kalma ɗaya a takardar asibiti da littafin aji shida: me za mu kira ta da Hausa?

Malamin lissafi, daga wani ƙauye a ƙasar Auyo:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harshe da ma'aikatan lafiya da ke nan a kan wata kalma da ta hana ni sukuni tun makon jiya.

Yayana manomin rani ne, shinkafa da tumatir yake yi a fadama. Ranar Talata da daddare, bayan ya wuni yana ban ruwa cikin zafin nan na Afrilu, ciwo ya turnuƙe shi a kwiɓin dama, yana gangarowa har mara. Mutumin da in ƙaya ta soke shi sai ya zare ya ci gaba da aiki, sai ga shi yana birgima a kan tabarma, ya durƙusa, ya miƙe, ya kwanta, babu inda ya sami sa'ida, ga amai. Da asuba muka kai shi asibiti. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka ɗauki hoton ciki, aka ba mu takarda. Ɗansa na fari, wanda nake koyarwa a aji shida, shi ke riƙe da ita. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baffa, wannan ai ita ce kalmar babin da muka fara a makaranta. Me ya kai lissafi cikin ƙodar Baba?"

Abin da aka rubuta shi ne renal calculus, milimita 6. Na gaya masa abin da na sani: calculus kalmar Latin ce, ma'anarta ƙaramar tsakuwa. Rumawa da tsakuwa suke lissafi a kan allo, daga nan sunan ya bi aikin. Likitoci suka riƙe ma'anar farko, masana lissafi suka riƙe ta biyu, har aka laƙaba ta ga fannin da Newton a Ingila da Leibniz a Jamus suka shimfiɗa a ƙarni na 17.

Tambayata biyu ce. Ta ƙoda, dutse za mu ce ko tsakuwa? A asibiti na ji duka biyun, kuma da matarsa ta ji "dutse a ƙoda" sai ta fashe da kuka. Ta aji kuma, shekara tara ina cewa "kalkulas", yara suna rubutawa, amma kalmar ba ta gaya musu komai.

Ma'aikaciyar jinya, Ringim:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba Yaya lafiya. Ni tsakuwa nake cewa, kuma ba don daɗin baki ba. In ka ce wa mutumin karkara dutse, abin da yake hangowa shi ne dutsen niƙa, daga nan sai ya ƙudurta cewa wuƙa za a sa masa, sai ya gudu. Wanda ya fi wannan muni shi ne a ce masa "ciwon ƙoda" kawai. A ƙasar Haɗeja kowa ya san gidan da aka yi jinyar mai lalacewar ƙoda har ta kai ga wankin ƙoda, don haka kalmar kaɗai tana karya zuciya. Alhali abu biyu ne daban. Mai tsakuwa yawanci ƙodarsa lafiya lau take aiki, gishirin da ke cikin fitsari ne ya yi kauri ya dunƙule, kamar yadda kanwa ke daskarewa a gindin tukunya in ruwa ya ƙone. Kusan kashi 80 cikin ɗari na irin tsakuwar nan sinadarin kalsiyam ne a cikinsu.

Zafin kuma ba daga zamanta a ƙoda yake zuwa ba. Akwai siririn bututu da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. In tsakuwa ta faɗa ciki ta tokare, fitsari ya taru a baya, shi ne birgimar da kuka gani. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, galibi da kanta take fita. Daga 5 zuwa 10 ana ba da magani irin su tamsulosin don bututun ya saki, a jira makonni kaɗan. In ta wuce 10 da wuya ta fita sai an taimaka.

Ku kula da abu uku a wurin Yaya: zazzaɓi da rawar ɗari, ɗaukewar fitsari, ko aman da ya hana shi riƙe ruwa. Ko ɗaya ya bayyana, ku koma asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye. Toshewa in ta haɗu da ƙwayar cuta tana iya kisa.

Malamin Arabiyya, Gumel:

Malam, tambayar ɗanka ta yi mini daɗi, domin ba Rumawa kaɗai ba ne. Da Larabci tsakuwa ita ce hasat, tsakuwar ƙoda ma da wannan sunan likitocinsu suke kiranta. Daga saiwar kalmar aka sami ahsa, wato ya ƙidaya, da ihsa'i, abin da muke ce wa ƙididdiga. Kun san ayar da ta ce in za ku ƙirga ni'imar Allah ba za ku iya ƙididdige ta ba. La tuhsuha, wannan saiwar ce. Al'umma biyu, kowacce ta tsinci tsakuwa a ƙasa ta yi ƙirga da ita.

Ga wani kuma. Aljabra da kuke koyarwa daga al-jabr take, cikin sunan littafin Al-Khwarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9, kuma jabr a Larabci shi ne ɗori, ɗorin karaya. Ka ga likitanci da lissafi sun daɗe suna aron kalma a tsakaninsu. Likita Az-Zahrawi na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya bayyana yadda ake fitar da tsakuwa daga mafitsara har da kayan aikin. Ita kanta "lissafi" al-hisab ce muka hausantar. Ina tare da Malama a kan tsakuwa.

Wani dattijo, tsohon malamin firamare, Taura:

Yara, ni ina ganin kun riga kun sami amsa kuna wuce ta. Tunda asalin kalmar tsakuwa ce, ku ce lissafin tsakuwa ku huta. Mu ma da ita muka tashi. Da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya na koya wa 'yan aji ɗaya tarawa da ɗebewa shekara talatin. Iyayenmu da wuri suke ciniki, ashirin ma hauya suke ce mata kafin ta Larabci ta danne ta. Yaro in ya ji lissafin tsakuwa ba zai ji tsoro ba.

Ɗalibin injiniya, ɗan asalin Ɓaɓura:

Baba, a gafarce ni, amma ina jin tsoron kada yaro ya ɗauka ƙirgan 'yan aji ɗaya ake nufi. Ni da za a bi tawa, a bar kalkulas yadda take. Mun karɓi aljabra ba mu ce mata ɗori ba. Jarrabawa da Turanci ake yi, jami'a ma haka. In muka ƙirƙiro sabuwa, yaro zai ɗauki kaya biyu a ka.

Malamin lissafi:

Na gode ƙwarai. Ta ƙoda dai ta zauna: tsakuwar ƙoda. Ta mafitsara, tsakuwar mafitsara. Ta matsarmama ma haka.

Baba, na kwana ina juya maganarka, kuma ba don raini zan saɓa maka ba. Ka ɗauki makiyayin da bai san ƙirga ba. Da safe duk tunkiyar da ta fita sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya, da yamma duk wadda ta shigo sai ya cire ɗaya. In tsakuwa ta rage, ya san akwai wadda ta kwana a daji. Tumaki bakwai, tsakuwa bakwai. To ita "bakwai" ɗin mece ce? Ba tunkiya ba ce, ba tsakuwa ba ce. Ka zubar da ƙwaryar, ka sayar da tumakin, bakwai tana nan, kuma har gobe ba za ta rabu gida biyu daidai ba. Ba wanda ya zauna ya yanke mata wannan hukunci, tarar da ita muka yi a haka. A ganina wannan shi ne lissafi: abin da ya rage bayan an ɗauke kayan da aka yi ƙirgan da su. Shi ya sa murabba'an lambobi, wato hatimin da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, da Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kansu suke aiki yau a hannun ɗan Japan kamar yadda suka yi a hannunsa. Turawa sun bar wa fannin sunan kayan aiki saboda tarihinsu ne ya zo da haka. Mu da muke raɗa suna yau, me zai sa mu ɗaure shi da abin da ya riga ya bari a baya? A ƙoda kuwa tsakuwar ta gaske ce, ana riƙe ta a tafin hannu. Can ne kalmar ta dace.

Ɗan'uwa na Ɓaɓura, ba cewa nake a jefar da kalkulas ba, dole yaro ya san ta don jarrabawa. Sai dai ina son kalmar da zan faɗa kafin ita, wadda za ta buɗe masa ƙofa. Ga yadda nake fara babin. A tsakar gidanmu akwai randa mai 'yar ɓula a gindi. In an cika ta, ruwan tsartuwa yake yi har ya wuce gindin murhu. Bayan awa ɗaya sai ya koma tsiyaya, can kuma sai ɗigo. In ka ce lita 40 ta zube cikin awa 4, wato lita 10 a kowace awa, ka faɗi gaskiya a dunƙule, amma babu awa ɗaya da aka zubar da lita 10 cif. Tambayar wannan fanni ita ce: a wannan ƙiftawar ido, da wane sauri ruwan yake fita? Rabinsa ke nan. Ɗaya rabin kuma: in na san saurin a kowane lokaci, nawa ya taru a bokitin da na tara? Sai ka yanka lokaci gutsi-gutsi, kowane gutsure ka ɗauki ɗan abin da ya zuba, ka haɗa. Tsakuwa ɗaya ba ta daɓe, amma daɓe duk tsakuwa ne. Abin da ya sa Newton da Leibniz suka yi suna shi ne gane cewa tambayoyin nan biyu juyin juna ne, kamar tarawa da ɗebewa.

Don haka ga abin da na kawo: lissafin sauyi. Rabin farko awon sauyi, na biyu tarin sauyi. Na so in ce canji, sai na tuna yaro zai ɗauka canjin kuɗi ne a shago.

Ina da wata shawarar kuma, Malama: tunda girma ne ke raba magani, me zai hana mu ce yashin ƙoda ga ƙanana, tsakuwa ga matsakaita, dutse ga manya?

Ma'aikaciyar jinya:

Lissafin sauyi ya shige ni, ni da na bar lissafi tun sakandare. Amma ta yashi ban yarda ba, Malam. In ka ce wa mutum yashi ne, ya tafi ke nan, ba zai dawo a sake hoto ba, alhali ƙarama ma tana iya toshe bututu shiru ƙodar ta kumbura. Suna ɗaya, sannan a faɗi milimita. Kuma ba duk jini a fitsari ne tsakuwa ba. Ga masu shiga ruwan fadama tsargiya ma tana kawo shi, sai an gwada.

Aikin da ake yi da na'ura daga wajen jiki, wanda aka fara a Munich ta Jamus a 1980, ni "farfasa tsakuwa" nake ce masa, ba a yanka. Akwai wanda ake zura siririn madubi ta hanyar fitsari a farfasa ta da hasken leza. Wadda ta wuce milimita 20 galibi ta ƙaramar huda a baya ake ciro ta.

Tunda kai malamin lissafi ne, ga naka aikin a gida, domin kusan rabin masu wannan ciwo yana dawo musu cikin shekara 5 zuwa 10. Ana son ya riƙa fitar da fitsari lita 2 da rabi a rana. Ledar fiyawata rabin lita ce, ka ga aƙalla shida zai sha, ranar ban ruwa kuwa fiye, tunda gumi na kwashe rabonsa. In fitsarin ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Da azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen ɗanɗano. A rage yawan nama, a sassauta alayyafo da gyaɗa, a riƙa matsa lemon tsami a ruwa. Kada kuma a hana shi nono don an ji kalsiyam. Wanda ke cikin abinci yana kama okzalet, sinadarin da ke cikin su alayyafo mai haɗa tsakuwa, tun a hanji ya hana shi isa ƙoda, don haka furarsa da nono tana nan. Maganin kashe zafi na kemis kuma kada ya mai da shi abin sha kullum, shi ma yana cin ƙoda.

Dattijo:

To, na ji. Lissafin sauyi ɗin ba laifi. Amma ranar da za ka fara babin, ka shiga aji da tsakuwa a aljihu ka ba su labarin makiyayin nan tukuna.

Malamin lissafi:

In sha Allahu, Baba, haka zan yi ranar Litinin.

Malama, yau kwana tara, da hantsi ta fita. Mun bi shawarar likita yana fitsari a roba ana tacewa da ƙyalle mai tsabta. Launin ƙasa-ƙasa ce, jikinta kaushi kamar ƙaro, ba ta kai ƙwayar wake ba. Yaya ya ɗora ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ce ta kayar da ni?" Mun sa ta a kwalbar magani, za mu kai a duba irinta ranar da za a sake hoton. Ɗansa ya ja layi shida a jikin jarkar da yake kai masa fadama, kowane layi rabin lita.

Saura kalma ɗaya da babin ba ya tafiya sai da ita, wato adadin da ake ta matsowa kusa da shi ba tare da lalle an taka shi ba. Ina tsakanin "iyaka" da "maƙura". Malam na Gumel, wacce ka gani?