Ƙona kansar ƙashi da allura, wa ya san inda ake yi?

Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Innarmu ce kansar nono ta bazu zuwa ƙashin ƙugunta, an yi mata gashin kansa da na'ura a asibiti (radiotherapy) amma ciwon bai lafa ba, ko juyi a tabarma sai mun riƙe ta, mofin ɗin da ake ba ta, wato maganin rage ciwo mai ƙarfi, shi kuma bacci yake sa ta da taurin bayan gida. Wani likita ya ce akwai aikin da ake soka allura har cikin ƙarin ana kallo ta CT (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki), wuta ta zafafa bakin allurar ta ƙone wurin da jijiyoyin zafin, ba warkewa ba ce dai, sauƙi ne kawai. Mu ta wajen Ringim muke, ana yi a Kano ko sai Abuja? Nawa ne? Kuma ƙashin ba zai karye ba bayan an ƙona?