Fijo 504 ɗina tana wani gurnani in na kai gudu 60, me ke jawo shi?

Ɗan Gumel:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin mota ku taimaka min. Ina da Peugeot 504 wagon haɗin Kaduna, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, ita nake ɗaukar 'yan kasuwa da ita zuwa Maigatari duk ranar Alhamis. Tun bayan damina ta fara wani ƙugi daga baya, guuuu haka kamar injin niƙa yana aiki a can ƙarshen gari, in ina tafiya a hankali cikin ƙauye ba ka jin komai amma da na hau kwalta maleji ya kai 60 sai ya taso, a 80 kuwa fasinjan kujerar baya sai ya ɗaga murya kafin in ji me yake cewa. Na kai wa wani makanike ya ce salansa ce aka canza na biya, ƙara tana nan yadda take. Yanzu kuma wani ya ce a sauke giyabos. Wallahi hankalina bai kwanta ba, motar nan da ita nake ciyar da gida kuma bana son a yi ta kwance min ita a banza.

Oga Sani Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka yarda a taɓa giyabos tukuna. Ka samu miƙaƙƙen titi da safe ba motoci, ka kai ta inda ƙarar ta fi yawa sai ka maida giya furi ka ɗauke ƙafa daga totur, injin a kunne fa kar ka kashe. In ƙarar ta faɗi tare da injin to matsalar ta injin ce ko salansa. In kuwa injin ya yi shiru ita tana nan tana raguwa a hankali yadda gudu ke raguwa, to abin da ke juyawa da taya ne, ko boris ko tayar kanta ko bak aksul, wato aksul ɗin baya da ke juya tayoyin baya. Sannan ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali kana saurara. In ka karkata hagu nauyin mota kan dama yake komawa, in ƙara ta ƙaru a lokacin to boris ɗin dama ne, haka ma ɗaya ɓangaren. Ka gwada ka dawo ka faɗa mana.

Mai Faci Babura:
Ni dai kafin komai a duba tayoyi. Ka shafa tafin hannunka a kan taya gaba da baya, in ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto to ta cinye ba daidai ba, mataccen shokazoba ke jawo haka, kuma kukanta sak na boris. Ka maida na baya gaba na gaba baya, in ƙara ta biyo su gaba shikenan ka gane.

Ɗan Gumel:
Na gode ƙwarai. Oga Sani na gwada yau da asuba a hanyar Maigatari, a furi ƙarar tana nan amma ta ɗan yi laushi, karkata sitiyari kuma bai canza komai ba ko kaɗan. Abin da na lura in na taka totur sai ta yi kauri, in na saki sai muryar ta canza ta zama siririya. Tayoyin baya sababbi ne ba su kai wata huɗu ba, na shafa sumul suke.

Baba Direba Haɗejia:
Yaro ka ce bayan damina ta fara ko? To faɗa min gaskiya, ka shiga ruwa da ita har ya kai aksul? Na ja 504 shekaru da yawa tsakanin Haɗejia da Kano, kuma ƙarar da ke canza murya tsakanin taka totur da sakinsa, ba ta damu da karkata sitiyari ba, a bak aksul take zaune. Aksul in ya yi zafi ka tsoma shi a ruwa mai sanyi yakan zuƙi ruwa ta ƙofar shan iskarsa ko ta sil da ya gaji, ruwan ya gauraye da man giya, boris ɗin finiyan, wato ƙaramin giyan da ke juya babban giyan cikin aksul, ya fara ci, haƙora su daina haɗuwa yadda ya kamata. Ka sa a kwance noti na ƙasa a tari man a farin kwano ka kalla da idonka. Lafiyayyen mai ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu, wanda ruwa ya shiga kuwa sai ka ganshi kamar shayi da madara. Ka murza shi tsakanin yatsu a rana, in kana ganin ƙyalli kamar garin ƙarfe to ci ya fara, in kuwa har da ɓarɓashi da za ka ji a yatsa kar ka sake ɗora mata kaya. Kuma ka sani farfelar wannan motar, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, a cikin bututu take ba a fili ba, akwai boris a ciki shi ma yana kuka, duk wanda zai buɗe ya duba shi a lokaci ɗaya. Allah ya jiƙan mahaifinka, ka riƙe motar nan da kyau.

Ɗan Gumel:
Amin Baba, na gode. Gaskiya ne a watan Agusta na ratsa wani kwari da ruwa ya cika ina ɗauke da buhunan riɗi, ruwan ya kusa ƙofa. Ɗazu aka tsiyaye man a gabana, bai cika rabin gwangwanin da muka tara ba kuma kalarsa yadda ka san shayi da madara, da ƙyalli kaɗan amma ban ji ɓarɓashi ba. An wanke an zuba sabo mai lamba 90, ƙarar ta ragu sosai amma ba ta ɗauke ba.

Oga Sani Ringim:
Ba za ta ɗauke ba tunda boris ya riga ya ji ciwo, sabon mai rufe ta kawai ya yi. Ka canza boris ɗin finiyan da sil yanzu tun haƙoran suna da rai, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu, ka tafi da tsohon a hannu a gwada lamba. Kuma ka nemi tsohon hannu wanda ya san saitin haƙoran aksul, in aka ɗaure ba daidai ba kukan sai ya fi na da. Wannan Alhamis ɗin dai ka haƙura da lodin Maigatari.