Wane suna za mu ba abin da ke juya allon waya?

Jama'a, ina neman shawararku kan sunan Hausa na accelerometer, ɗan abin nan da ke sa hoto ya kwanta idan ka kwantar da wayarka.

Kafin waya, a cikin mota aka fi saninsa, shi ke buɗe jakar iska idan an yi karo. Benedetto Vigna, ɗan Italiya da ya karanta fiziks a Jami'ar Pisa, ya shiga kamfanin STMicroelectronics, mai ƙera ƙananan sassan lantarki, a 1995. Shi da abokan aikinsa suka dage har suka fitar da ƙarami mai arha, mai jin motsi ta fuska uku. Wannan ƙaramin ya shiga na'urar wasa ta Nintendo Wii a 2006, ya shiga iPhone na farko a 2007. A 2021 Ferrari ta naɗa Vigna shugabanta.

Kafin raɗa suna, mu leƙa ciki. Ɗan guntun silikon ne rataye da siraran hannuwa masu lanƙwasa, gefensa da haƙora kamar na mataji, sun shiga tsakanin wasu haƙoran da ke kafe. Ka fizgi wayar, guntun ya ɗan yi nawa, tazarar haƙoran ta canza, lantarkin da ke tsakaninsu ya canza, a mayar da canjin lamba.

Wani ya ce "ma'aunin gudu". Ban yarda ba. Mota na tafiya miƙe, gudunta bai ƙaru ba bai ragu ba, abin nan ba ya jin gudun sam. Sai direba ya taka birki ko totur yake farga. "Ma'aunin motsi" kuma ya yi faɗi, domin zai haɗiye gyroscope, wanda ya zo a cikin iPhone 4 a 2010, aikinsa kuwa jin juyawa ne.

Ni dai "ma'aunin fizga" ya kwanta mini. Ko wayar na ajiye a kan tebur, yana jin yadda ƙasa ke fizgo komai, da haka yake gane ina ne sama ina ne ƙasa. Ɗan uwansa gyroscope sai mu ce "ma'aunin juyi", dukansu kuma "majiyan motsi", duk da 'yan jarida sun riga mu kama kalmar majiya.

Masu gyaran waya da malaman kimiyya, ku gwada su a bakin aiki, ku faɗa mana wanda ya zauna a harshe.