Yaron gareji ko mutum-mutumi: wa ya fi riƙe zancen jiya?

Auta ce ta tayar da ƙurar daren Asabar a zauren zumuncin gidanmu, da ta saka hoton hannun ƙarfen da take gwaji da shi a karatunta na digirin digirgir. Na kwaso maganganun yadda suka zo, gaishe-gaishe kawai na rage.

Auta: Ga abokin aikin nawa da kuke ta tambaya. Hannu ne ɗaya da kyamara da abin jin magana. Teburi muke haɗawa tare, yana miƙo min noti da sifana. Abin da nake bincike a kai shi ne ko riƙe hirar jiya zai sauƙaƙa aikin yau. Ni dai matsayata, mutum-mutumin da ba ya tuna abin da kuka tattauna jiya ba abokin aiki ba ne, kayan aiki ne kamar guduma.

Kawu Makanike: Auta, a kan wannan za ki cinye shekaru? Wayata ma ba ta manta abin da aka saka mata. Ki ƙara masa memori ki dawo Jos mu huta da kewarki.

Auta: Kawu, ajiya daban, tunawa daban. In kana ƙarƙashin mota ka ce wa yaronka "miƙo min waccan ta jiya", me yake kawo maka?

Kawu Makanike: Ya danganta da yaron. Akwai wanda ya shekara huɗu a hannuna nan Farin Gada. Da sanyin Disamba, yatsu sun ƙage, ina kwance a kan kwali, hannu kawai nake fito da shi, sai in ji sifana sha bakwai a tafina. Kuma ba kowace sha bakwai ba, wadda muka gasa wuyanta da wutar walda muka lanƙwasa don ta shiga lungu. Ban kira sunanta ba. Ya ga motar, ya ga inda kaina ya nufa, ya tuna wahalar da muka sha jiya. Sabon yaro kuwa akwatin gaba ɗaya zai jawo maka, ya tsaya yana kallon ƙafafunka.

Auta: To wallahi Kawu ka gama rubuta min babi na biyu. Herbert Clark na Jami'ar Stanford ya daɗe yana nazarin wannan: abin da ni da kai muka sani, kuma kowa ya san ɗan'uwansa ya sani. Shi ke sa magana ta riƙa gajarcewa tsakanin waɗanda suka saba aiki tare. Tun 1972 kuma Endel Tulving ya raba tunani gida biyu. Sanin cewa sifana sha bakwai ke kwance noti kaza, wannan ilimi ne, ana iya ɗura wa na'ura shi a dare ɗaya. Tuna cewa jiya da la'asar ni da kai mun lanƙwasa wata, wannan tunanin aukuwa ne, mai wuri da lokaci da mutane. Na biyun ne ke ba mu wuya.

Yaya Injiniya: Ban yarda ba. Tun 1961 wani hannun ƙarfe mai suna Unimate ya fara aiki a masana'antar General Motors a Amurka, yana ɗaga ƙarfe mai zafi, bai taɓa hira da kowa ba. Amfanin na'ura shi ne abin da ta yi jiya shi za ta yi yau. Ranar da ta fara canza hali saboda zancen da kuka yi, ranar haɗari ya shigo. A ce jiya cikin raha kin ce mata "ke dai ki riƙa sauri", yau ta cillo miki ƙarfe. Wa za a kama?

Auta: Yaya, irin su Unimate a keji ake ajiye su, mutum ba ya kusantarsu suna aiki. Tun 1996 Colgate da Peshkin na Jami'ar Northwestern suka fito da irin wanda zai yi aiki a teburi ɗaya da mutum. In kuna teburi ɗaya dole ku yi magana, in kuma kullum sai ka sake bayani daga farko, gara ka tashi ka ɗauko abinka da kanka.

Yaya Injiniya: To mai aikin safe yana ce wa abu "ƙaramar", mai aikin dare kuma wata daban yake nufi da "ƙaramar". Ta wa zai ɗauka?

Auta: Nan ka kama ni. Na taɓa gani da idona: wani abokin karatuna ya zauna a kujerata ya ce "ƙaramar", hannun ya miƙa masa wadda ni nake kira haka, ba wadda yake so ba. Dole tunanin ya haɗa da wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. Amma wannan gyara yake nema, ba ya nuna a bar tunanin.

Goggo Nas: Ku bari in sa baki. Shekaruna da yawa ina karɓar aiki ina miƙa aiki a ɗakin marasa lafiya. Mai fita ba ta karanta maki duk abin da ya faru cikin dare, ai da rana ta faɗi ba ku gama ba. Cewa take, mai gado na uku bai ci abinci ba, na ƙarshe ki lura da numfashinsa. Gwanintar a zaɓen take. Kuma Injiniya, na yi jinyar tsofaffin da mantuwa ta kama. Za ka ga tsohuwa ta iya ɗaura ɗankwali tsaf, amma kowace safiya sai ta tambaye ka kai wane ne. Hannu ya iya, sabo ya tafi. Irin na'urar da kake yabo ke nan.

Auta: Goggo, akwai wani Ba'amurke, Henry Molaison, da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, daga nan ya daina riƙe sabon abin da ya faru da shi. Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa na ƙara gwanancewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yin aikin ba.

Yaya Lauya: Ina karanta ku daga Abuja, kuma duk kun tsallake inda gizo ke saƙar. Abin da zai tuna hirarku, sai ya saurare ta tukuna. A 2019 ta fito fili cewa akwai ma'aikatan Amazon da ke sauraron wasu daga cikin maganganun da Alexa, na'urarsu mai amsa umarnin murya, ta naɗa a gidajen mutane. Yanzu ki kawo wannan wurin aiki. Ma'aikaci ya yi ƙorafin albashi a gaban hannun ƙarfe, tunanin na wa ne? Nasa, na mai masana'anta, ko na kamfanin da ya ƙera? Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. In ya nema, Auta, za ki iya zare maganarsa ki bar abin da na'urar ta koya daga gare ta?

Auta: In a rumbu daban aka rubuta hirar, ana gogewa. In kuwa an riga an horar da na'urar da ita, ta gauraye kamar gishiri a miya. Shi ya sa nawa a rumbu daban nake ajiyewa.

Baffa Malam: Malamai kan ce daga mantuwa aka samo sunan insan. Kada ku ɗauke ta naƙasa kawai. Da kowa na riƙe da duk kalmar da ɗan'uwansa ya faɗa masa cikin fushi, da wannan zauren ma bai kai yau ba. Kuma zama amana ne.

Kawu Makanike: Baffa ya tuna min. Na taɓa korar wani yaro, kuma ya fi kowa kai. Lambar motar da ta zo bara zai faɗa maka. Amma duk abin da ya gani a motar mutane, da wanda ya ji mai mota na faɗa a waya, sai ka tsince shi a teburin mai shayi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni kuma kun san bakina in aiki ya cije. In wannan ƙarfen zai riƙe duk ashar ɗin da na yi wa kafireto, ba na so.

Yaya Injiniya: Madalla, kun dawo hanyata. A bar shi ba tunani, kowa ya huta.

Goggo Nas: A'a, kada ka yi mana wayo. Kawunka bai ce yana son yaro marar tunani ba. Mai shekara huɗun nan yake so, wanda ya riƙe sifana ya bar ashar.

Yaya Injiniya: Wa zai koya wa ƙarfe bambanta su, Goggo? Mutum ne zai zauna ya rubuta ƙa'idar, kuma mai biyan kuɗin na'urar shi zai zaɓi mutumin.

Yaya Lauya: Karo na farko a daren nan da na yarda da Injiniya.

Auta: Ni ma ban musa ba. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne a ƙarshen aiki ya karanto abin da zai riƙe, kamar miƙa aikin su Goggo: "waccan ta jiya ita ce lanƙwasasshiya, in ajiye?" Mai aikin ya ce ajiye ko goge, sauran hirar kuma ta tafi da kanta.

Kawu Makanike: In na ce masa "to" fa? Akwai "to" ta na yarda, akwai "to" ta za ka gani.

Auta: Kawu, Hausar ma bai fara ji ba tukuna, da Turanci muke fama.

Kawu Makanike: Ashe da saura. Ranar da ya iya, ki kawo shi gareji ya yi sati, ni zan sa hannu a takardar. Amma ki gaya masa sha bakwai ɗin ba ta fita daga shagon.